Ƙotar Fartanya

Da sunan Allah zan faɗa, ba don a ji tausayina ba.
Ni ne Tsalha na Kukar Ɓera,
wanda ya karya hannun Haladu direba
ran Talata, ana yayyafi, bayan Magariba.

Kububuwa ta sari ɗana Iliya a gindin kargo
yana neman akuyarmu mai baƙin goshi.
Jini ta hanci, jini ta dasashi.
Akwai abin da ban faɗa wa alƙali ba:
kwana biyu muka yi a zauren mai magani,
ana tsaga, ana tofi, ana shafa,
kafin in tuna lambar da ke bangon sha-ka-tafi.
Na kira da Azahar. Suka ce, “Ga mu nan tafe.”
La'asar ta zo, ba su zo ba.

Da ya iso, a ƙasa ya iso.
Motar ta kafe can a mashigi,
ya ɗora akwatin allura a ka kamar mai tallar fura,
ya keto ruwa har ƙirji, takalmi ɗaya ya tafi.
Ya yi sallama, uwar Iliya ta riga ta kurma ihu.
Ni ban ga laka a wandonsa ba,
latti kawai na gani, tsaye da ƙafa biyu.
Fartanya na jingine a jikin rumbu.

Ƙarar kamar an taka busasshen kara.
Bai rama ba, bai ma zage ni ba.
Ya ce, “Ina yaron? Ku bari in duba.”
Da hannun da na bar masa ya taɓa wuyan ɗana,
ya daɗe,
sannan ya ja masa mayafi.

A kotun Jahun dagaci ya cire hula ya yi roƙo:
“Ranka ya daɗe, zafin rashi ne.”
Haladu, hannu a rataye, ya ce shi ya yafe.
Alƙali ya dube shi ta saman tabarau:
“Naka ka yafe, Allah ya biya ka.
Amma hannun nan ba naka ne kai kaɗai ba,
ƙauye goma sha ɗaya ke tuƙi da shi.”
Ya juyo kaina: wata goma sha takwas, da kuɗin ɗori.
Na ce a raina, mai ɗa a raye ne ya yanke wannan.

Haka nake cewa har wata biyu,
sai ƙanena Mati ya zo da ƙuli-ƙuli da labari.
Kwana arba'in motar na ƙarƙashin darbejiya,
kaji na kwana a inuwarta.
Wanda aka ce ya karɓa ya ce ba shi zuwa garinmu,
yana son hannuwansa.
Barira matar Sale ta yi doguwar naƙuda,
aka shimfiɗa ta a amalanke,
shanu na tafiyarsu ta shanu.
Ba ta ga fitilun Jahun ba.
Ita ce mai ajiye wa Iliya ƙanzo.

Wannan babu shi a takardar hukunci.
Babu gandiroba mai ƙirga mini shi.

Yanzu gero ya yi kai a gonata, wani zai girba.
Ƙotar na ɗakin ajiyar kotu, da lamba a wuyanta.
An ce Haladu ya koma aiki,
ɗorin ya kama a karkace,
yana sa giya a hankali, yana cije leɓe.

Wani dare nakan ji jiniya ta bayan katanga
tana yanka hanyar Haɗeja.
’Yan ɗakinmu su juya, su ja bargo.
Ni sai in tashi zaune,
ina bin ta da kunne har ta ɓace,
ina roƙon kada ta kafe a mashigi,
in kuwa ta yi latti,
Allah ya sa babu irina a bakin ƙofa.